Ranar Da Kabad Ya Ƙi Shiga Zaure

Ni 'yar fari ce, saboda haka har na yi aure na haifi 'ya'ya uku ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni gidan kakata, a can na girma, daga can kuma aka kai ni ɗakin miji a unguwar Kwararafa, nan cikin Jos. In na je gida gaisuwa, sai in durƙusa a bakin shagonsa na ƙofar gida in ce, "Baba, ina kwana," shi kuma ya dubi bango ya amsa wa bango. In yana son ruwa, sai ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa waccan, buta ta bushe," alhali ga ni a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa ni. Inna ma haka take, sai dai ita takan yi mini faɗa, faɗa kuwa ko ba komai magana ce. Mutane suna cewa hakan daraja ce. Na saba da shi, amma ba zan yi ƙarya ba, yana yi mini zafi.

Baba kuku ne. Shekara da shekaru yana dafa wa Turawan haƙar kuza abinci a wajen Bukuru. Da Baturensa na ƙarshe zai koma ƙasarsu, sai ya ce masa ya duba gidan ya zaɓi abin da yake so. Kowa ya zaci keke zai ɗauka ko rediyo. Baba ya wuce su duka ya ɗora hannu a kan kabad ɗin littattafai. Shi ma Baturen gadonsa ya yi a wajen wanda ya riga shi zama a gidan, don haka ba wanda ya san shekarun kabad ɗin. Dogo ne, ya fi namiji tsayi, katakonsa baƙi-baƙi ja-ja yana sheƙi. Hawa biyar gare shi, kowane hawa da murfinsa na gilashi da ɗan maɓallin tagulla. In ka ja maɓallin, murfin ya ɗaga sama, ka tura shi ya shige ciki ya ɓace. Muna yara, wannan ɓacewar murfin ita ce abin mamakinmu na duniya.

Baba bai yi karatun boko ba, saboda haka littattafai ba su dami kabad ɗin ba. A hawan sama yake ajiye Alƙur'aninsa cikin gafaka. Sauran hawan kuwa, ga tabarau, ga takardar shaidar aiki, ga hular sallah, ga wani littafin girki na Turanci da bai taɓa karanta layi ɗaya a ciki ba amma ya haddace abincin da ke cikinsa kaf. Ba mai taɓa kabad ɗin nan sai shi. Kowace Juma'a da safe zai rufe ƙyauren shagon ya sa sakata, ya yi ta gogar sa da kakin zuma. Mu dai ƙamshin muke ji ta ƙarƙashin ƙofa, da ɗan ƙarar katako yana gogar katako, ba mu taɓa ganin yadda yake yi ba.

Akwai mutum ɗaya da kabad ɗin ya hana barci, wani Alhaji mai tara tsofaffin kaya. Duk inda aka ce ana gwanjon kayan Bature mai tafiya, daga Rayfield har Barikin Ladi, shi ne na farkon zuwa. Ba ciniki ba ne kawai, cuta ce, don in ya samu mai kyau ba ya sayarwa. An ce gidansa agogunan bango sun fi mutane yawa, kuma kabad ɗin gilashi sun cika falonsa har sai ka bi ta gefe. Duk wata sai ya zo wajen Baba a unguwar Ali Kazaure, ya zauna ya sha shayi, bakinsa yana hira idonsa yana kan kabad. In zai tashi ya ce, "Malam, har yanzu dai?" Baba ya ce, "Har yanzu, Alhaji." Inna takan ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

A ƙarshen shekarun saba'in, cikin damina, aka sa ranar auren autarmu. Sai ga labari ya iske ni cewa Baba ya ce da kabad ɗinsa za a yi mata jere. Na yi murmushi a gaban wadda ta kawo labarin, tana fita na zauna a bakin gado. Ni da aka kai ni, a kan wani katako mai ƙafa huɗu aka jera mini kwanuka, kuma kakata ce ta yi. Kishin ƙanwata ya kama ni, ni da 'ya'yana uku, kuma na ji kunyar kaina. Amma kafin abin ya yi nisa sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta ce ni ce shugabar 'yan jere, ni zan kai kabad, ni zan tsayar da shi. Nan take kishin ya koma ɗoki. Na ce a raina, to, yau ga amanar Baba a hannun waccan, za a ga aiki.

Ranar jere ban jira rana ta fito sosai ba. Na tattaro barguna uku, tabarmi biyu, da igiyar rijiyarmu sabuwa fil. Na ɗaura ɗankwali na turo shi gaba, na shiga gidanmu ina ba da oda kamar wadda aka naɗa sarauta. Mata sun cika tsakar gida, ana ta ɗaure kwalla da samira da tangaran a cikin zannuwa, kowa tana magana ba mai sauraron wata. Baba ya riga ya kwashe kayansa daga kabad, yana zaune a kan buzu da carbi, Alƙur'anin yana kan cinyarsa. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Na kira mata biyu muka lulluɓe kabad ɗin da bargo yana tsaye, muka naɗe shi da tabarma, na kama igiya. Na zaga shi ta ciki, na bi ta ƙarƙashi na fito ta kai, na sake bi, na taka da ƙafa na ja har tafin hannuna ya yi ja. Na yi masa ɗaurin kawo wuƙa.

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi bango ya ce, "A gaya wa waccan, ba a ɗaure shi haka."

Ban san abin da ya hau kaina ba, ko ɗoki ne ko tsohon haushi. Sai ni ma na dubi bangon na ce, "A gaya wa Baba, gilashi ne, hanya kuma duk duwatsu."

Mata suka fashe da dariya. Gwaggo ta dafe ciki ta ce, "Yau bango ya samu aiki!" Baba ya sake buɗe baki, na ji ya ce, "A gaya mata, na saman nan…" Daidai lokacin wata ƙawar Inna ta rangaɗa guɗa a kunnen kowa, direban a-kori-kura ya danna oda a waje, 'yan dako huɗu suka shigo suna tambayar ina kayan. Baba ya rufe bakinsa ya koma jan carbi. Shagonsa ƙyaure biyu ne, don haka kabad ya fita salin alin.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Kabad a kwance a bayan mota, mu takwas a kewaye da shi, kowa ta dafa shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da mayafi kada iska ta tafi da shi. Muna waƙa muna tafi da ƙafa, in mota ta faɗa rami mu yi salati mu koma dariya. Masu shaguna suna ɗaga mana hannu. Na waiga sai na ga babur yana bin mu a baya sannu-sannu, babbar riga tana kaɗawa. Alhajin tsofaffin kaya ne. Gwaggo ta ɗaga masa murya ta ce, "Alhaji, ba gwanjo za mu ba, biki ne!" Ya ɗaga hannu yana murmushi, bai juya ba.

Gidan mijin auta a Gangare yake, tsohon gida ne na iyaye da kakanni, ginin ƙasa da rufin kwano. Zaurensa irin na da ne, wanda ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna don kada mai wucewa ya hango mata. Ka shiga ta ƙofar waje, ka yi taku biyu, ka juya hagu, sannan ka sunkuya ka bi ta wata 'yar ƙofa. Gado ya shiga don a kwance yake ƙarfe-ƙarfe. Katifa ta lanƙwashe ta shiga. Kwanuka suka shiga a kawunanmu muna rangaji. Da aka zo kan kabad, 'yan dako suka ɗaga shi da bisimilla, ya shiga ƙofar farko lafiya lau, ya je kwana ya tsaya cak.

Aka fito da shi aka juya shi, kai a gaba. Ya ƙi. Aka sa ƙafa a gaba. Ya ƙi. Aka kwantar da shi ta gefe, aka tayar da shi tsaye a cikin zauren aka karkata shi, har wani ɗan dako ya maƙale tsakaninsa da bango yana ihu a cece shi. Ni ina gaba ina cewa a ɗaga, Gwaggo tana baya tana cewa a sauke, 'yan dako suka rasa wa za su bi. Aka cire ƙyauren ƙofar ciki gaba ɗaya aka jingine. Aka sake gwadawa. Abin da ya rage bai wuce tafin hannu ɗaya ba, amma wannan tafin hannun ya ƙi samuwa.

Gwaggon ango, wata doguwar mace mai bakin barkwanci, ta jingina da bango tana cin goro tana kallonmu. Ta ce, "Ku da kuka kawo kayan Turawa, ai da kun haɗo da ƙofar Turawa."

Gwaggonmu ta ce, "Mu mun zaci gidan mutane za mu kawo 'yarmu, ashe akurkin kaji ne."

Aka kwashe da dariya har da su dangin angon. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. Muka gwada ta katanga. Aka aro tsani biyu, aka shimfiɗa buhu a kan fasassun kwalaben da ke saman katangar, aka fara ɗagawa. Kabad yana kaiwa rabi sai na ji gilashi ya yi wata 'yar ƙara a cikin bargo, na ƙwalla ihu a sauke shi. Na aika wa mai gidan, mahaifin ango, a roƙe shi ya yarda a ɗan sassaƙe bangon zaure. Amsa ta dawo cewa kakansa ne ya gina, kuma gawar manya da yawa ta fita ta ƙofar nan ba a sassaƙe ta ba. Ban ga laifinsa ba, amma a lokacin na ga.

Azahar ta wuce. Bayan la'asar dangin ango za su shigo kallon ɗaki, da magariba a kawo amarya. Kwanuka duk suna zube a kan darduma suna jiran inda za a jera su. Wanda ya san mata ya san ɗakin da aka shiga kallo aka tarar da kwanuka a ƙasa, gorin ba ya ƙarewa, har jikoki sai sun ji. Ga hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, irin na Jos da kan zo da ƙanƙara. Kabad kuwa an tayar da shi tsaye a bakin titi cikin bargunansa, jama'a sun kewaye shi, kowa da shawararsa.

A nan Alhaji ya sauko daga kan babur ɗinsa, inda ya yini a zaune yana kallo. Ya zo da ladabi ya ce mini, "Uwar biki, sannu da fama. Ina da wani kabad sabo dal, na fomeka, fari da zanen furanni, da madubi a bayansa. Gajere ne, zai shige zauren nan yana dariya. Kafin ki sha ruwa na kawo shi. Wannan tsohon sai in ɗauke muku wahalarsa."

Mata suka fara kallon juna. Gaskiya a lokacin fomeka ake yayi, ba yarinyar da ke mafarkin baƙin katako. Ƙawar Inna ta ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Har Gwaggo ta matso ta raɗa mini cewa mai madubi yana sa kwano ɗaya ya zama biyu. Ni kuwa abu ɗaya nake gani. Ina ganin yamma ta yi, an je an gaya wa Baba cewa kabad ɗin da ya shekara yana hana mutumin nan, waccan ta miƙa masa a rana ɗaya. Sau ɗaya tak a rayuwata nake so a je a ce masa waccan ta iya. Na ce, "Alhaji, mun gode. Kabad ɗin Baba a ɗakin nan zai kwana, ko da a gutsure ne."

Na aika aka kira kafintan da ke ciki yana kafa sandar labule. Dattijo ne daga wajen Vom, da fensir a bayan kunne. Ya zaga kabad, ya shiga zaure ya auna, ya fito ya auna kabad ta kan bargo. Ya ce, "Mama, wannan kaya ba za ya shiga ba. Sai dai mu yanka kai nashi, kamar haka," ya nuna tafin hannu da ɗan ƙari. "In mun yanka, zan rufe shi da katako, ba wanda za ya sani."

Na ce, "Yanka."

Alhaji ya yi wani salati da har masu wucewa suka tsaya. Ya ce, "Zarto? A jikin wannan? Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah!" Na ce masa kayan ubana ne. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dubi kabad, ya haɗiye. Sai ya tattare riga, ya haye babur, ya buga shi da ƙafa sau uku, ya fice a guje. Muka bi shi da guɗa da tafi, mun zaci mun kore shi ke nan. Gwaggon ango ta ce, "Wallahi yarinyar nan ta fi uban nata taurin kai."

Kafinta ya ce a kwance igiya. Na ce ba lokaci, kuma ɗaurin ba mai kwantuwa ba ne, ya dai yaye bargon ta sama. Ya hau kan benci ya yaye. Da ya ga katakon sai ya shafa shi da yatsa, ya yi ɗan fito. Ya ce, "Mama, wannan katako ba na nan ba ne." Na ce na sani, ya yi sauri. Sai ya sauko ya ce zarton ba kaifi, ya zauna yana wasa shi haƙori-haƙori. Ya gama ya nemi ruwan sha. Ya sha ya ce fensirinsa ya karye. Na gane jan ƙafa yake yi, raina ya ɓaci, na ce in ba zai iya ba ya ba ni zarton. Ya girgiza kai, ya hau benci, ya ja layi a ƙasa da kambin da ke rufe da kan kabad, a gefen hawan sama. Ya ɗora zarto ya ja sau ɗaya. Har yau ina jin ƙarar nan a haƙorana.

Bai ja na biyu ba, don babur ya shawo kwana yana oda ba ƙaƙƙautawa. Alhaji ne a gaba. A bayansa kuwa, ya rungume masa ciki da hannu biyu, hula ta karkace, takalmi ƙafa ɗaya, Baba ne. Baban da bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa. Uban amarya a ƙofar gidan ango ranar jere, abin da ko a mafarki ba a yi. Mata suka watse, wasu suka faɗa zaure, wasu suka ja mayafi suka rufe fuska suna ƙyalƙyala dariya. Ango, wanda ke zaune da abokansa a kan benci can gefe, yana hango surukinsa ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai shiga, ya durƙusa a bayan a-kori-kura. Ni kaɗai na rage a tsaye.

Alhaji yana haki yana cewa, "Ka gani da idonka, Malam! Zarto! Ka ba ni shi in raya maka shi, ai ya fi a kashe shi." Baba ya sauko daga kan babur. Ya yi wa kafinta alama ya sauko. Ya miƙa hannu ya taɓa inda zarto ya ci, ya daɗe yatsansa yana wurin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta kuku, ya yanke igiyar rijiyarmu a wuri uku. Tabarmi da barguna suka zube ƙasa. Ya hau bencin da ƙafarsa mai takalmi ɗaya, ya kama kambin kabad da hannu biyu, ya ɗaga. Kambi ya fita, ba ƙusa ba komai. Ya ajiye shi a kan bargo. Ya kama hawan sama ya ɗan girgiza shi, shi ma ya ɗago gaba ɗayansa, akwati guda da murfinsa na gilashi.

Ashe kabad ɗin hawa-hawa aka yi shi, kowane hawa zaune a kan ɗan'uwansa kamar yadda muke jera kwanon samira. Tun safe abin da ya riƙe shi wuri guda igiyata ce.

Baba yana tsaye a kan benci da akwati a hannu, ya duba wanda zai miƙa wa. 'Yan dako sun saki baki a can nesa, mata sun ɓuya, ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan gilashi. Ya waiga hagu, ya waiga dama. A bakin titi ne, babu bango kusa. Sai ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Riƙe."

Na riƙe. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma yana ƙamshin kakin zuma.

Nan take wurin ya fashe da dariya. Kafinta ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Oga, Allah ya cece ni!" Ɗan dakon da ya maƙale ɗazu ya kama kai yana zagaya wuri ɗaya. Gwaggo ta fito daga zaure tana tafa hannu tana cewa, "Tun safe! Tun safe muke dambe da abin da yaro zai ɗauka!" Sai ta tsaya, ta juya wajen Alhaji a hankali. Ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ka san ana raba shi?" Ya gyara hula ya ce, "Hajiya, ai ba a tambaye ni ba." Da ba don gwaggon ango ta riƙe ta ba, da ya sha tsintsiya.

Kafin ka ce kwabo hawa huɗu sun bi ta zaure ɗaya bayan ɗaya, ko gogar bango ba su yi ba. Baba bai taka ƙofar gidan ba. Daga waje ya tsaya yana faɗa wa iska cewa a fara da ƙafar, a sa kowane hawa ya zauna a raminsa, kada a danna. Kafinta ya bi su ciki da kambin a rungume. Ni kuwa na raɓe a ƙarƙashin indararo da nawa akwatin, don an ce in riƙe ba a ce in ajiye ba. Ruwa ya fara sauka da gaske. Wani ɗan dako ya zo da gudu zai karɓa a hannuna.

Baba ya ce masa, "Bar shi. Hawa huɗu ya ishi ɗakin yarinya." Ya juya wajen direba ya ce, "Wannan a kai Kwararafa."

Alhaji ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Malam, ka raba shi? Biyar ne cikarsa! Wa zai so huɗu, wa zai so ɗaya?"

Baba ya ce, "Ai shi ya sa aka yi shi hawa-hawa, Alhaji. Mai da ni gida, takalmina yana hanya."

Sai a lokacin maganar safe ta dawo mini, wadda guɗa ta cinye. Na saman nan. Tun a gida yake so a bar shi, ni na naɗe shi na ɗaure na hau da shi katanga. Na dubi gefen akwatin, ga cizon zarto nan fari tas a jikin baƙin katako. Wanda na ce a yanka nawa ne, kuma shi ne hawan da Alƙur'anin Baba ya zauna a ciki tun ina yarinya. Na tsaya a ƙarƙashin indararo ina dariya ina kuka, ruwa yana dukan ƙafafuna, ban damu da wanda ya gani ba.

Jere ya yi kyau, ba don ni ba, don hankalina ba ya wajen. Tangaran a sama, samira a tsakiya, kwalla a ƙasa, duk suna ƙyalli ta cikin gilashi. Dangin ango suka shigo bayan la'asar a jiƙe, kowace sai ta ja maɓallin tagulla ta ga murfi ya ɓace ta yi salati. Gwaggon ango ta ce ta janye maganar ƙofar Turawa. Ni kuwa na koma gida a gaban a-kori-kura da akwatina a kan cinya, na hana a sa shi a baya.

Washegari da safe na je Ali Kazaure. Shagon ya yi faɗi ba kabad, inda ya tsaya shekaru ya bar tabo mai haske a jikin bango. Gafakar Alƙur'ani tana rataye a ƙusa. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ce, "Baba, ina kwana." Ya dubi bango ya amsa wa bango, kamar jiya ba a yi ta ba. Na ɗan jira, na yunƙura zan tashi. Sai na ga hannunsa ya turo wani abu a kan tabarma, ya turo har ya taɓa gwiwata. Dunƙulen kakin zuma ne a naɗe cikin tsohon tsumma mai laushi.

Ya ce wa bango, "A gaya wa waccan, ranar Juma'a ake yi masa. Kada ta sa man gyaɗa."

Na ɗauka na ƙulle a bakin mayafina. Ban dubi bango ba. Na ce, "Na ji, Baba."